Taga Ɗaya da Albasar Aliero

A Jegar da na tashi, mai hoto mutumin Sallah ne da biki. Da kyamara rataye a wuya yake bin unguwanni a kan keke, 'yan mata su ci ado su jeru gaban labule mai zanen bene da jirgin sama, ya watsa musu walƙiya a fuska, ya karɓi rabin kuɗi, ragowar sai ya dawo daga Sakkwato da hotuna cikin ambulan. Filim ɗaya hoto 36 yake ci, kuma kowane ɗaya a lissafe yake. Duk wanda ya ɗauki abin da ba zai sa hannu a aljihu ya biya ba, to ya yi ɓarna. Da wannan karatun na shiga sana'ar.

A watan Agustan 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, sai neman aiki da cike takardu suka tashi, kowa na son hoton fasfo kafin ya hau mota zuwa Birnin Kebbi. Aiki ya yi wa wani mai shagon hoto kusa da tasha yawa, ni kuma ina sakandare, ina neman na sabulu. Da an tashi makaranta sai in wuce can, in yi shara, in riƙe labule, in yanka hotuna huɗu-huɗu da almakashi. Maigidana mutumin kirki ne. Shi ya koya mini ɗura filim ba tare da haske ya ci shi ba, da haɗa ruwan wanki a ɗakin duhu, da yadda ake lallashin dattijo ya ɗaga haɓa. Abin da ya sani ya ba ni, bai rage komai ba.

Mahaifina malamin zaure ne, kuma abin bai kwanta masa ba. Ya yi shiru har wani dare bayan Isha'i, da almajirai suka watse, ya kira ni.

"Ɗan ga, mi kaka yi shagon mutumin can?"

"Hoto nika koyo, Baba."

"Na fasfo ban hana ka ba, larura ta. Amma ba ni son ka maida kama surar mutane abin sha'awarka."

Sai ya ba ni labarin da ke cikin Bukhari da Muslim, na wani mai yin surori da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas yana kukan da wannan yake ci, shi kuma ya nuna masa in ba makawa ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Daga nan Baba ya ɗauki carbinsa, na san magana ta ƙare.

Da damuwa na kai maganar ga malaminmu na zane. Mutum ne marar hayaniya, ya yi karatu a Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya dawo gida yana koyar da darasin da yawancin ɗalibai suka ɗauka hutu ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce in same shi gida bayan La'asar. Da na je ya shimfiɗa tabarma, ya fito da wani littafi mai kauri wanda gara ta fara taɓa gefensa, cike da hotunan zanen mutanen Turai na da. Ya buɗe wani shafi ya aje a gabana.

Zanen Diego Velázquez ne, mutumin Ishbiliya ta ƙasar Andalus, wanda ya yi wajen 1620 yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Wani dattijo mai sayar da ruwa ne, rigarsa a yage a kafaɗa, yana miƙa wa yaro kofi. Malam ya sa tafin hannu ya rufe mutanen. Abin da ya rage a shafin shi ne wani ƙaton tulu na ƙasa, da layin yatsun magini a zagaye da cikinsa, da ɗigon ruwa yana gangarowa a jikinsa.

"Malam, wanga ai tulunmu na!"

"Shi na. To gaya min, daga ina haske yaf fito?"

Na duba, na ce daga hagu, ta sama.

"Guda nawa?"

"Guda."

Wannan tambayar ita ce mafarin karatuna, kuma har yau da ita nake fara kowane aiki. A shago fitilarmu tana bisa kan kyamara, tana bugun abu ta gaba, inuwa ta faɗa bayansa inda ba a ganinta, sai abu ya fito a shafe kamar an manna shi a bango. Mai zanen nan kuwa ya kawo haskensa daga gefe. Gefen tulun da ke fuskantar haske ya yi fari, daga nan ya riƙa dushewa sannu a hankali har ya nutse cikin duhu, kuma wannan dushewar ce ke gaya wa ido cewa abin nan mai ciki ne, ana iya rungumarsa. Layin yatsun maginin ma ba su fito ba sai don hasken ya goge su ta gefe, kowane tudu ya jefa 'yar inuwarsa.

Malam bai bar ni na taɓa kyamara a wannan harka ba sai da na yi zango guda ina zana ƙwan zabo da fensir. Ya aje shi a kan farar takarda kusa da ƙofa, ya sa in nemo abu biyar: inda haske ya fi bugawa, da tsaka-tsakinsa, da cikin inuwa, da inuwar da ta kwanta a ƙasa, sai kuma na biyar da ya fi ba ni wuya, wato ɗan hasken da takardar ke mayarwa ƙarƙashin ƙwan, a cikin inuwar kanta. Na daɗe ina rantsuwa babu shi. Ranar da idona ya kama shi, sai na riƙa ganinsa ko'ina: ƙarƙashin goro a faranti, a gindin buta, a haɓar mutum mai farar riga.

Bayan haske sai jeri. Ya nuna mini aikin Juan Sánchez Cotán na Toledo, wajen 1602: wani ɗan itace da kabeji rataye da zare, wata irin kankana a yanke, da kokwamba a bakin taga, sun gangaro a lanƙwashe daga sama zuwa ƙasa, bayansu kuma baƙi ƙirin. Ya nuna mini na Chardin, mutumin Faris, wajen 1760: kofin ruwa, da tukunyar kofi, da tafarnuwa uku. Shi ke nan. Malam ya ce in lura babu abin da ya tsaya a tsakiya cif, wani ya ɗan rufe wani don a san na gaba da na baya, akwai dogo akwai gajere, kuma an bar fili don ido ya huta. Ni abin da ya fi kama ni shi ne ƙanƙantar kayan. Mutum ya zauna makonni yana kallon tafarnuwa, sarakuna kuma su saya su rataya aikinsa. A wurinmu wanda ya tsaya kallon tafarnuwa haka sai a fara tambayar lafiyarsa, alhali da ita da albasa ake aurar da 'ya'ya a ƙasarmu.

A nan ne ma ya gaya mini cewa ita kanta kyamara da irin wannan aikin ta yi tatata. Ɗaya daga cikin hotunan farko da suka tsira na Daguerre, wanda yana cikin waɗanda suka fara sana'ar ɗaukar hoto, na 1837, kayan ɗakin aikinsa ne a jere kusa da taga, domin a lokacin sai an bar idon kyamara a buɗe na mintoci masu yawa, mutum ba ya iya daskarewa haka, kaya kuwa ba su motsi. Tun kafin wannan da shekaru kusan ɗari takwas Ibn al-Haisam ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa, a littafinsa na Manazir. Da na kai wa Baba wannan, ya ji daɗin sunan, ya ce in ƙara tambayo masa.

Akwai wani zanen na Velázquez, na 1618, wata tsohuwa tana suyar ƙwai. A gabanta akwai turmin tagulla, da wuƙa kwance bisa farar tasa inuwarta ta lanƙwashe a ciki, da jar albasa guda. Ita wannan albasar ce ta kai ni Aliero.

Kawuna manomin albasa ne a can, kamar kusan kowa a garin. Wanda bai taɓa shiga Aliero lokacin cirar albasa ba, bai san abin da ake nufi da yawa ba. Tun daga bakin titin da ya fito Jega ya nufi Tambuwal warinta ke tarbar mutum. Ga ta tsibi-tsibi, ga buhuna an ɗinke baki, ga manyan motoci ana lodi zuwa Kudu, ga rudu a bayan gari inda ake adana ta a bisa kara, iska na ratsa ta, ana jiran ta yi kuɗi. Duk shekara nakan je taya Kawu aiki, kuma ban taɓa kallon albasa guda ɗaya ba sai a wannan zuwan. Buhu nake gani.

Maigidana ya ara mini wata tsohuwar kyamara ƙirar Yashica da ragowar filim ɗin wani biki. Da farko na yi niyyar aiki a fili, sai na tuna tambayar Malam. A fili haske ta ko'ina yake zuwa, rana ta sama, ƙasa na mayarwa, bango na mayarwa. Na shiga zauren Kawu. Ginin ƙasa ne mai kauri, ƙofar waje da ta ciki ba su kallon juna, sai wata 'yar taga can sama da ba ta fi faɗin littafi ba. Na saki asabari a ƙofar waje, na tura ta ciki. Sai ga abin da ke cikin littafin Malam a gabana: haske guda, daga gefe, daga sama, bayansa duhu. Abin da masu zanen Turai suka riƙa rufe tagogi suna nema, maginin gargajiya ya riga ya gina mana shi don gudun zafi.

Na jawo benci ƙarƙashin hasken, nesa da bango don bangon ya nutse. Na zaɓo albasa uku. Babbar na tsayar da ita, ta biyu na kwantar da ita ta ɗan rufe gindin ta farkon, ta uku na raba ta biyu na juyo da cikinta wajen taga, wuƙar Kawu mai ƙotar itace na aje ta a karkace, bakinta ya ɗan leƙo daga gefen bencin. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ɓawon albasa launi ne bisa launi: ja mai duhu a gindi, ya koma shanshanbale a ciki, ya zama ruwan zuma a wuya inda ya bushe, ga siraran layuka sun tashi daga saiwa sun haɗu a sama. Inda ɓawon ya ɗago, haske na ratsa shi ya fito ta baya. Wadda na yanka kuwa zobe cikin zobe, fari da shuɗi-shuɗi, ruwa na tsattsafowa a fuskarta.

Gefen inuwa ya yi duhu da yawa, sai na tuna ƙwan zabo. Na cire farar rigata na rataya a kan kujera daga dama, ɗan haske ya dawo ya zagaye bayan albasar ba tare da ya kashe inuwar ba. Filim ɗin mai lamba 100 ne, ba ya son duhu. Na ƙuntata idon kyamara zuwa lamba 11 don gaba da baya su fito tas, wannan kuma ya sa dole a bar shi buɗe kusan daƙiƙa guda, abin da hannun mutum ba ya iya riƙewa. Ba ni da ƙafar kyamara. Na ɗora ta bisa buhun gero, na danna ta ta zauna, na murɗa agogonta don ta ɗauka da kanta, na ja da baya na riƙe numfashi. Ƙurar hunturu ba ta gama janyewa ba a lokacin, ita ta tace hasken tun daga sama, gefen inuwar ya yi laushi.

Sai da filim ya je Sakkwato ya dawo na ga abin da na yi. Na kai wa Malam, ya daɗe yana dubawa, ya ce wuƙar ta yi, ya kuma nuna mini inda zan ƙara fili ta hagu. Amma hukuncin da ya zauna mini na Kawu ne. Ya karɓi hoton da yatsu biyu, ya nisanta shi da ido, ya kawo kusa.

"Yaro, wagga ta tsakiya ba ta ajiya ba ta. Dubi wuyanta, bai bushe ba. In ka sa ta rudu sai ta ruɓe ta ɓata 'yan uwanta."

Bai ce hoton ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Albasa ya gani, ya yi mata hukuncin manomi. A wurina babu yabon da ya kai wannan, domin hoton ya faɗi gaskiyar abin har wanda ya san shi ya karanta. Da na gaya wa Malam, ya buɗe zanen kwandon 'ya'yan itace na Caravaggio, na wajen 1599, ya nuna mini ramin tsutsa a jikin tuffa da ganyen da ya fara yanƙwanewa. Mai zanen yana iya gyara su da goga ɗaya, ya bar su. Tun daga ranar ban ƙara ɓoye tabon abu ba don in burge mai kallo.

Darasin ƙarshe a Maiyama na same shi, kuma ba daga littafi ba. Goggona tana aure a can, a kan hanyar da ta nufi Koko da Yawuri. Ɗakinta na cike da jere irin na matan da: ƙorai masu zane an kife ƙarama bisa babba, fayafai masu launi, tasoshi, kwanonin sha masu fure, langa-langa har kusa da rufi, ga baƙin akushi da ya sha hannu, ga randa a kusurwa. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta faɗin sunana. Na roƙe ta ta ara mini wasu kayan, na jera su a bakin ƙofa yadda na ga ya dace da ƙa'idar Malam, dogo a baya, gajere a gaba. Tana zaune tana kaɗi tana kallona.

"Babana, mi ya kai buta wurin akushi? Ita ta bayan ɗaki ta. Kuma ba a raba akushi da ludayinai."

Ta tashi ta ɗauke butar, ta kawo ludayi ta jingina, ta sa faifai ya rufe rabin bakin akushin, ta matso da ƙwaryar fura kusa. Cikin ƙiftawar ido jerin ya zama abincin da wani zai zo ya ci, ga kuma dogo da gajere da na gaba da na baya duk sun zauna inda ya kamata. Ba ta taɓa jin sunan Chardin ba, amma abin da ke riƙe da zanensa ke nan: kayansa na madafa ɗaya ne, sun san juna. Na yi imani matan da suka yi shekaru suna gyara jere sun fi yawancinmu masu kyamara sanin inda abu ke zama, kuma ba a taɓa kiran abin da suke yi fasaha ba.

Kwanonin nata ne suka ba ni aiki, don suna ƙyalli, hasken ƙofa na faɗa musu ya zama farin tabo mai kashe ido. Goggo ta ba ni farin mayafinta na rataya a ƙofar. Tabon ya lafa, ya koma 'yar siffar ƙofa a gefen kowane kwano, irin 'yar tagar da Pieter Claesz da Willem Heda na Harlem ta ƙasar Holan suke zanawa a jikin kofunan gilashi a shekarun 1630. Goggo ta rasu, Allah ya jiƙanta, an raba kayan, ƙoran sun fashe, robobi sun maye gurbinsu. 'Ya'yanta kan zo wurina su ga ɗakin uwarsu.

Baba ya ga waɗannan hotuna kafin rasuwarsa. Wanda ya riƙe shi ne na allonsa da tawada da alƙaluman kara da gafaka, da na ɗauka a zaurenmu da hantsi. Ya sa shi cikin littafin da yake karantarwa.

Sana'ar ta canja. Filim ya tafi, ɗakin duhu ya zama wurin ajiya, tafiya Sakkwato wanki ta ƙare. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006 garin ya cika da samari da 'yan mata, kowa da waya mai kyamarar da ta fi Yashicar maigidana nesa ba kusa ba. Abin mamaki, aikin da aka ɗauka ɓarnar filim ne a da, shi ne yanzu ke kawo ciniki. Mai turaren wuta da mai kilishi da mai atamfa duk a WhatsApp da Instagram suke talla, dillalin albasa ma hoto yake tura wa mai saye a Legas kafin a yi ciniki. Sai dai yawancin hotunan nan suna ɓata mini rai. An kunna walƙiya, an shimfiɗa kaya bisa zanen gado mai furanni, an ƙara launi har albasa ta koma abin da Kawu ba zai gane ba. Wanda ya saya ya ga saɓanin abin da aka nuna masa, ba ya dawowa.

Masu zuwa shagona neman koyo nakan ce su kashe walƙiya tukuna, su kashe fitilar ɗaki, su nemi taga ɗaya. Zane-zanen da Malam ya yi tattalinsu cikin littafi guda duk suna intanet yanzu kyauta, ana iya buɗa su har a ga sawun goga, amma sai an sami mai cewa yaro ya tsaya ya duba. Shi ya sa nake roƙon hukumomin ilimi na jiharmu su riƙe darasin zane a sakandare da daraja, su ɗauki malamansa, su ba su fensir da takarda. Ku kuma matasan Jega da Aliero da Maiyama, akwai sauran tsofaffi a gidajenku masu akushi da ƙwarya da tulu. Ku nemi izininsu, ku bar su su jera kayan da hannunsu, ku ɗauka tun suna nan.